Kwamfutar Bakano Ta Sandare

Wani shagon buga takardu a kasuwar Farm Centre, Kano. Bakano na yi wa kwamfuta fifita da kwali. Sai ga Bazazzagi.

BAZAZZAGI: Bawana, yau kuma fifita ake yi wa kwamfuta? Zazzaɓi take yi?

BAKANO: Sandarewa ta yi. Katin biki nake haɗawa, an ba ni kafin alƙalami, ta tsaya cak. Na yi mata tofi, na mare ta, ko gezau.

BAZAZZAGI: Matsa, ilimi ya zo daga Samaru. Wannan aikin yatsa uku ne: Ctrl, Shift da Esc, a danna tare. Task Manager zai fito, mu ga manhajar da ta ƙi motsi, mu kore ta.

BAKANO: Manaja? Nawa ake biyansa?

BAZAZZAGI: Kyauta yake aiki.

BAKANO: To kira shi da sauri.

Ya danna. Shiru.

BAZAZZAGI: To, ta ci tuwo. Bari mu ɗauko babban yaya, Ctrl, Alt da Delete. Shi in ya yi sallama Windows kan bar abin da take yi ta amsa.

BAKANO: Ga shi bai samu ko "wa alaikum" ba.

BAZAZZAGI: Kila hoton ne ya maƙale. Maɓallin Windows, Ctrl, Shift da B. Za ka ji ƙara ƙit, fuskar ta yi ƙifta ido, ta farfaɗo.

BAKANO: Yatsu huɗu yanzu. In ta kai shida sai mu yi hayar yaro.

Bazazzagi ya juya kibod ɗin, ya buɗe murfin baya.

BAZAZZAGI: Innalillahi! Ina batir?

BAKANO: Suna cikin rediyo. Da ta sandare na ga zaman banza suke yi, ga labaran rana sun kusa.

BAZAZZAGI: Kibod mara waya da iska zai yi aiki?

BAKANO: Mai sayarwa ya ce min ta iska yake tafiya.

Aka mayar da batir. Aka sake dannawa. Shiru.

BAZAZZAGI: Akwai wani ɗan mitsitsin abu baƙi da ake sokawa a ramin USB. Shi ne kunnen kwamfutar, da shi take jin kibod. Yana ina?

BAKANO: Au, wannan ɗan memorin? Ɗazu na sayar.

Bafulatani ya leƙo, sanda a kafaɗa.

BAFULATANI: Aradu Kaɗo ka cuce ni! Na soka a rediyo, ko waƙa ɗaya babu.

BAZAZZAGI: Kawo nan, Baffa.

Ya soka, ya danna yatsu ukun farko. Task Manager ya buɗe. Ya sauka da kibiya kan manhajar zanen, ya rufe ta.

BAKANO: Allahu akbar, ta tashi! To ina katina?

BAZAZZAGI: Ka danna Ctrl da S na adana aiki lokacin da kake haɗa shi?

BAKANO: Ina tattalin batir.

BAZAZZAGI: To amarya sai ta gayyaci mutane da baki. Kawo kuɗin gyara.

BAKANO: Wane gyara? Rabin awa ka yi a kan kwamfutata, ɗari biyar ne.

BAFULATANI: Ku gama, sannan a zare min kunnena. Ni na saya, in kuna so sai haya.