Ramar da ta kusa ja min ɗauri

Tsadar ganye ce ta ja min. Uwargida ta dawo daga Kasuwar Bacci tana mita, wai ramar da ba za ta ishi kwaɗon mutum biyu ba sai an yi ciniki. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai jikan manoma take aure. Na sayo iri na watsa a bayan ɗaki, a gidanmu na Tudun Wada, farkon Satumba.

Kafin ƙarshen Oktoba gona ta zama kamar 'ya'yan kishiyoyi. Na jikin bango, inda magina suka binne ɓaraguzan siminti kuma rana ba ta leƙowa sai bayan azahar, sun tsumbure, ganye duk ya yi rawaya. Na tsakiya ko gwiwata ba su kai ba suka ɓarke da fure. Na ƙarƙashin fitilar sola kuwa sai miƙewa suke, babu fure ko ɗaya, har suka leƙa ta kan gajeriyar katangarmu.

Na kira ɗan yayata da ke karatun noma a Samaru. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce, "Kawu, ka makara, a Yuni ake shuka ta. Rama lissafin dare take yi. Da yini ya gaza kamar awa 12 da rabi sai ta yi fure, ko da tsawonta taƙi ɗaya ne. Waɗancan kuma fitilarka ce ta ruɗe su, ba su san dare ya ƙaru ba." Ya ƙara da cewa sunanta na kimiyya Hibiscus cannabinus, don ganyenta yana rabuwa kamar yatsu, sak na tabar wiwi. Na yi dariya. Ashe kaina nake wa.

Samarin bakin layi da ba su taɓa gaishe ni ba suka fara ɗaga min hannu biyu: "Baaba, sai godiya!" Ni kuma ina ta jin daɗi, na ɗauka tarbiyya ce ta dawo unguwa.

Ranar wata Asabar sai ga sallamar mai unguwa, fuska a murtuke, maƙwabcina na laɓe a bayansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, bismillah, shigo ka gani." Na nuna masa furen, fari-fari mai jan ciki, irin na kuɓewa. Bai yarda ba sai da ya tsinki ganye ya tauna. Tsami ya kama shi har ido ɗaya ya rufe. Ya juyo ga maƙwabcina: "Malam, kwaɗo ka taso ni in kama?"

A daren nan aka tsallako aka zage dogayen tas. Bayan kwana uku wani yaro ya tare ni, yana tari kamar zai amayar da huhu: "Baaba, gaskiya kayan nan naka ba ya kai mutum ko'ina. Yawu kawai yake tsinkawa."