Waƙa talatin da ɗaya a kundi guda, don wa?

Har yanzu ina ganin masu kare abin da mawaƙiyar Amurka Taylor Swift ta yi ranar 19 ga Afrilun 2024, kuma abin yana ƙona min rai. Ta saki kundi mai waƙa 16, bayan awa biyu ta ƙaro 15, ya zama 31, sama da awa biyu na sauraro. Wai a ce kyauta ce ga masoya. Jama'a, lissafin kasuwa ne, mu daina yaudarar kanmu.

Ku duba yadda ake ƙirgen. Spotify, dandalin sauraron waƙa ta intanet, yana ɗaukar cewa an ji waƙa da zarar ta kai daƙiƙa 30. A wancan lokacin Billboard, mai fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, yana lissafa ji 1,250 na masu biyan kuɗi a matsayin kundi ɗaya da aka sayar. To mai waƙa 10, idan masoyi ya saurare shi daga farko har ƙarshe, ji 10 ya samu. Mai 31 ya samu 31 daga mutum ɗaya a zama ɗaya. Wannan ne sirrin. Shi ya sa mawaƙi Drake ya jibga waƙa 25 a kundinsa na 2018, Morgan Wallen shi ma ya jibga 36 a 2023. Ana cika mudu da dusa don ya yi tozo.

Kar wani ya ce min "idan ba ka son waƙa sai ka tsallake ta". Tankaɗe aikin mawaƙi ne da furodusansa, ba na mai sauraro ba. Ni na biya kuɗi, kuma ni zan zauna ina tsince musu tsakuwa?

A zamanin faifan garmaho, fuska ɗaya minti 22 take ɗauka ko kusa da haka. In ka matsa ka wuce, dole mai yanka faifan ya tsuke layukan, ya rage ƙara, ya rage nauyin bes, ganga ta koma kamar ana buga kwali. Kuma da allura ta kusanci tsakiya sauti yana dusashewa, don haka waƙa mai ƙarfi take buɗe fuska, mai sanyi ta rufe. Wannan takurar ce ta tilasta zaɓe. Kundin Thriller na Michael Jackson a 1982 waƙa tara ne, minti 42, kuma bakwai daga ciki sun shiga goman farko a Amurka. Tara kawai!

Dogon kundi ga inda yake lalacewa: furodusa ɗaya ko biyu ne suke kiɗan, saurin bugun ya zama kusan iri ɗaya, sautin madannai iri ɗaya. Kafin waƙa ta 14 kunne ya gaji. Waƙa mai kyau da aka ajiye ta 27 ta mutu a banza, domin ba a iso ta da natsuwa. Wannan shi ya fi min ciwo, don a cikin 31 ɗin akwai tsaba ta gaske da dusa ta binne. Mawaƙiya Billie Eilish ta fito bayan wata guda da kundi mai waƙa 10, kuma kowace tana da gurbinta.

Af, har na tuna. Kundin nan na Taylor Swift ya fito a faifai iri huɗu, kowane da waƙa ɗaya ta ƙari da babu ita a sauran. Yarinyar da ke tara kuɗin kashewarta, faifai nawa ake so ta saya?