Makirfon jabu da wuta mai gurnani sun hana ni naɗar kalangu

Na gaji da jin ana cewa yaran yanzu sun kashe kiɗan gargajiya, wai kowa ya rungumi fiyano ya yar da kalangu. Masu wannan maganar su zo su gwada naɗar ganga ta gaske a ɗaki ɗaya cikin unguwa, da kuɗin aljihunsu, da irin kayan da ake sayar mana a kasuwa, da irin wutar da ake ba mu. Wallahi kafin wata ya zagayo sun koma kan fiyanon da suke zagi. Mai fiyano waya ɗaya yake jonawa a kwamfuta, sautin ya shige kai tsaye, ko injin markaɗe yana ruri a bakin ƙofa babu ruwansa. Mai ganga dole ya buɗe makirfo a cikin iska, shi kuwa makirfo ba ya zaɓe. Abin da ke cikin ɗakin da abin da ke bayan katanga duk kwasowa yake yi.

Ina da ƙaramin sutudiyo a shagon gidanmu, a cikin Kano. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce guda, da makirfon kondensa guda, irin mai kaifin jin nan, da ɗan akwatin shigar da sauti, Scarlett 2i2, wanda ƙofar jona makirfo biyu kawai gare shi. In murya za a ɗauka, ko garaya, ya wadatar. Amma idan masu kalangu suka zo, ga babban kalangu, ga ƙanana masu amsa masa, ga kuntuku, ƙofa biyu ba ta kai ko'ina ba. Duk sai su cakuɗe a layi ɗaya. In kuntuku ya danne kowa, to ya danne ke nan har abada, ba ka da hanyar rage shi ka ɗaga babban kalangu, alhali shi ne mai maganar.

Abin da na so in ƙara ba na almubazzaranci ba ne. Akwati mai ƙofa takwas, irin su Behringer UMC1820. Makirfon Shure SM57 guda biyu na sawa kusa da fata. Kondensa biyu ƙanana da za a rataya ta sama su ɗauki taron gaba ɗaya. Shi ke nan. Injiniyan nan na Ingila, Glyn Johns, da makirfo uku ko huɗu kacal ya yi suna wajen naɗar cikakken saitin gangunan Turawa, don haka ba wanda zai ce na buɗe ido da yawa.

Farashi ya fara karya ni. SM57 tun 1965 ake yin sa, kuma ya daɗe a wajen dala 100. A farkon 2023, da dala ke wajen naira 460 a farashin gwamnati, lissafinsa bai kai naira 50,000 ba. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, dala ta yi ta hawa har ta haura naira 1,500 a 2024, makirfo ɗaya ya tashi a naira 150,000 tun kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai shago. Kuɗin da na tara don makirfo huɗu sai ya zama da ƙyar zai sayi biyu. In ce zan yi oda da kaina ta intanet ma babu hali, domin tun 2022 bankuna da yawa suka rufe sayayyar ƙasashen waje da katin naira, sai a 2025 aka soma buɗewa. Wannan ne ya jefa irina hannun masu shago, ko muna so ko ba ma so.

Na haƙura da wannan, kowa ya san halin da ƙasar take ciki. Abin da ba zan haƙura da shi ba shi ne mutum ya karɓi kuɗin kaya na asali ya miƙo min jabu, yana rantsuwa.

Mai shagon babba ne, ya haife ni. Ya fito da kwalayen SM57 biyu daga ciki, ya ce, "Malam, waɗannan ba irin na kan kanta ba ne, na asali ne, don kai na fito da su." Aka jona ɗaya a lasifika, yaronsa ya yi magana a ciki, sauti ya fito. To wane makirfo ne ba zai fitar da maganar mutum ba? Ko na naira 3,000 zai yi. Inda ake gane makirfon ganga shi ne lokacin da gula ta sauka kan fata da ƙarfi. Bugun kalangu kaifi gare shi, yana tashi nan take ya faɗi nan take, sannan ga wannan nishin da yake yi idan makaɗi ya matsa tsirkiya a hammata ya saki. SM57 na gaske yana shanye bugun ba ya tsagewa, kuma abin da ke gabansa yake ɗauka, ya rage na baya. Waɗanda na kawo gida, bugu ɗaya sai sautin ya fashe, ƙasan ya ɓace, saman ya yi ta ƙaiƙayi a kunne. In ka taɓa sandar da aka ɗora shi a kai, ƙarar taɓawar ta fi gangar fitowa.

Na ari na wani abokin sana'a wanda ya sayo nasa daga waje, na jera su. Na ɗauko sikelin da ake auna fulawa a gidanmu. Nasa ya tsaya daidai inda kamfanin ya rubuta, giram 284. Nawa biyun kowanne ya gaza da nisa, kuma su kansu ba su yi daidai da juna ba. Kan na asali yana juyawa a hankali idan ka murza shi da yatsa. Nawa a ƙafe yake, an manne shi. Da muka kwance gindin, inda ya kamata a ga ƙaramar taransifomar da ke cikin na gaske, wayoyi ne sirara guda biyu a cikin gam, babu komai. Rubutun jikin ma har ya soma gogewa a yatsa.

Na koma shagon da su a cikin kwalayensu, da rasit. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Alhaji, don girman Allah ka duba kayan nan, ba na asali ba ne, ga abin da na gani." Ko taɓa su bai yi ba. Ya ce, "Malam, ai a gabanka aka gwada ya yi magana." Na ce magana daban, ganga daban. Sai ya ja rasit ɗin ya nuna min ƙasansa da yatsa, inda aka buga cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Ya ƙara da cewa shi ma haka aka kawo masa, kuma wa ya sani ko ni na canja su a gida. Ni ne ma ɓarawon ke nan! Mutumin da ya haura shekara ashirin yana sayar da kayan sauti ba zai ce min bai san nauyin SM57 a hannunsa ba. Ya sani sarai. Abin da yake taƙama da shi shi ne yawancin masu sayen don wa'azi ko biki za su sa, ba za su taɓa ganewa ba, wanda ya gane kuma ba shi da inda zai kai ƙara. Wannan rubutun na ƙasan rasit ba aya ba ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kayan da suka saɓa abin da aka ce masa ya karɓi kuɗinsa. Amma a cikin kasuwa, tambarin roba na mai shago ya fi dokar tarayya ƙarfi, kuma kowa ya zuba ido.

A ce ma makirfon na gaske ne, sai ka zo kan wuta. Tsohon akwatina mai ƙofa biyu daga kwamfuta yake shan wuta ta USB, don haka in na zare caja na bar ta a kan batir, sautin fes yake fitowa. Mai ƙofa takwas da na saya daga baya ba haka yake ba, sai an jona shi a bango. Ranar da na jona shi, na sa abin sauraro a kunne, ba a buga komai ba amma ga gurnani a ƙasa, ba ya yankewa. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan gida ba shi da wayar ƙasa mai kyau, ko layin ya ƙazanta, wannan kaɗawar ce take shigowa cikin sauti, ita da 'ya'yanta a 100 da 150. Abin baƙin cikin shi ne daidai nan ƙasan sautin babbar ganga, wato kaurinsa, yake zaune. In murya ce, sai ka yanke duk abin da ke ƙasa da 80 ka wuce. In ganga ce, ka yanke gurnanin ka yanke cikin gangar, abin da zai rage kamar ana buga bokitin roba. Na kira mai gyaran wuta, ya kafa sandar jan ƙarfe a tsakar gida ya jawo waya zuwa shagon. Gurnanin ya ragu, bai tafi ba, domin rabin matsalar daga kan falwaya take zuwa.

Ita wutar ma sai ta zo. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, da alkawarin awa 20 a rana. Mu da ke rukunin C an rubuta mana awa 12. Ni dai ban san ranar da na gan su a jere ba. Ta zo ta ɗauke, ta dawo da rauni har sitabilaiza ta yi ta ƙas-ƙas tana neman ɗaga ta, kuma kowane ƙas ɗin sai ya fito a cikin abin da ake naɗa. Wata ranar ta dawo da ƙarfin da ya ƙone min adaftar sabon akwatin, wanda ko wata biyu bai yi ba. Na je ofishin kamfanin wuta na unguwa, aka ce in rubuta takarda. Na rubuta, har yau shiru, amma takardar biyan kuɗi ba ta taɓa makara ba. A watan Oktoban 2024 kuwa kusan duk Arewa ta haura mako a cikin duhu, ba a maganar aiki sam.

Za a ce in tayar da janareta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, to nawa zan caji makaɗin da shi kansa da kuɗin liƙi yake ci da iyali? Sannan ƙarar janareta ba ta tsayawa a waje. Kondensa yana jin ta ta cikin bulo, ta ƙarƙashin ƙofa, har ta daɓen ƙasa. In na kashe nawa, na maƙwabci yana aiki. Ƙaramin inbata mai araha kuma wutarsa a kakkarye take fitowa, zizar da yake sawa a sauti ta fi ta layi muni. Wanda ke ba da wuta mai santsi, da batirinsa da farantan sola, kuɗinsa ya ninka na duk makirfon da nake mafarki. Da rana janareta da adaidaita sahu, da dare mutane suna barci kuma ba mai hankalin da zai buga musu kalangu ƙarfe biyu. Gaba kura, baya sayaki.

Wanda abin ya fi yi min ciwo a kansa wani dattijo ne, makaɗin mahauta, da ke zuwa min daga wajen gari. Akwai taken da yake bugawa na tsofaffin sarakunan fawa waɗanda ko 'ya'yansa ba su riƙe ba. Cikin zafin Afrilu ya zo, zafi ya haura maki 40, na rufe taga da katifa, na rataye barguna a bango, na kashe fanka domin iskarta tana shiga makirfo. Yana zaune a kan darduma, zufa tana bin hannunsa tana jiƙa tsirkiya, yana gogewa da bakin riga yana ci gaba. Ya shiga take mai tsawo, hannunsa ya kama, yaransa sun amsa daidai, sai fit, aka ɗauke wuta. Akwatin ya mutu, naɗin ya yanke a tsakiya. Ya ajiye gula ya dube ni ya ce, "Ɗana, an samu kuwa?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, sai mun sake." Ya ce, "To, Allah ya kai mu, amma hannun ba kullum yake zuwa haka ba." Gaskiya ya faɗa. Mun sake bayan an dawo da wuta, bai kai na farkon ba, kuma ga gurnanin nan a ƙarƙashinsa. Mutum ya tsufa, ya biya kuɗin mota shi da yara uku, ya zauna a ɗakin da ba iska, a ƙarshe abin da zan miƙa masa abin kunya ne.

Ba tallafi nake roƙo ba, ba kuma kyauta ba. Kuɗina na biya, a kasuwa da kuma a mita. Mai shago in jabu yake sayarwa ya ce jabu ne, ya sa masa kuɗin jabu, mai so ya saya da saninsa. Shugabannin kasuwa su daina kare ɗan uwansu idan an kawo hujja a hannu. Masu wuta in awa huɗu za su iya bayarwa, su faɗi wace huɗun ce, in san lokacin da zan kira makaɗa, kuma su biya abin da wutarsu ta ƙona. Makirfon nan biyu suna nan cikin kwalayensu, rasit yana hannuna, abokina ya yarda zai zo da nasa na asali. Ranar Litinin da sikelin zan je ofishin shugaban kasuwa, a auna su a gaban Alhajin, in ba a ba ni kuɗina a nan ba hukumar kare haƙƙin masu saye zan wuce da su.