Kunun safe a firamare: sai azumi ya zo muke tuna yunwa

Duk sanda na wuce ta firamaren unguwarmu a nan Bauchi wajen sha ɗaya na safe sai in ga yara suna sulalewa ta katanga ɗaya bayan ɗaya, ba malami ne ya kore su ba, ciki ne. Yaron da ya fito gida ko koko bai kurɓa ba kuma ka ce ya zauna ya gane lissafi, haba.

Shi ya sa labarin ƙungiyar Mary's Meals ya tsaya min a rai. Wani Bature ne ɗan Scotland, Magnus MacFarlane-Barrow, ya fara abin a Malawi a 2002 da yara 200 kacal, ofishinsu ma wata rumfar kwano ce a ƙauyen Dalmally can Scotland, amma zuwa 2021 yaran da suke ciyarwa duk ranar makaranta sun kai miliyan 2. Abincin fa ba wani abin a zo a gani ba ne, kunun masara da waken suya ne da aka ƙara wa sinadaran gina jiki, kusan irin wanda iyayenmu mata ke damawa. Masu dafawa kuma 'yan sa kai ne, ba irin namu masu gora da bindiga ba, a'a, iyayen yaran ne da kansu ke sammako su hura wuta su dama su raba, ba albashi. Ƙungiya ta kawo gari, unguwa ta kawo hannu. A Indiya ma wata ƙungiyar ciyar da ɗalibai, Akshaya Patra, da yara 1,500 ta fara a 2000.

Na san za a ce ai waɗannan Turawan da wata manufa suke zuwa. To naji, sunan ƙungiyar ma, na Maryamu uwar Annabi Isa, ya nuna daga inda ta fito, amma wanda bai yarda da tukunyar wani ba ai sai ya ɗora tasa. Mu fa ba rowa gare mu ba, je ka kasuwar Wunti ko Muda Lawal da azumi ka ga yadda ake lodin buhunan gero da suga ana rabawa, ana ɗaukar hoto ana sawa a Facebook, sai dai ana sallah shikenan, kamar yunwa ma ta tafi hutu.

Gwamnati ta gwada nata a 2016, naira 70 kan kowane yaro, aka yi ta ka-ce-na-ce da masu dafa abinci kan biyan kuɗi, a farkon 2024 kuma aka dakatar. Ni ban ce kar gwamnati ta yi ba, hakkinta ne, amma abin da sai an jira Abuja ta sa hannu ba zai riƙe cikin yaro ran Talata da safe ba.

Shawarata ita ce, makaranta ɗaya kawai unguwa za ta ɗauka. Bayan kaka kowane magidanci ya ba da mudun gero ko gyaɗa, mata su yi kama-kama wajen damu, a riƙa manna lissafin abin da ya shigo da wanda ya fita a ƙofar masallaci da gurup ɗin WhatsApp, don nan ne yawancin ƙungiyoyinmu ke mutuwa, an tara kuɗi ba wanda ya san ina suka shiga.

Na tuntuɓi hedimastanmu makon jiya, ya ce shi gero bai dame shi ba, za a samu, itace da babbar tukunya ne matsalarsa, sai kuma wa zai riƙe makullin sito.