Canza Lambar Sirrin Wi-Fi Ba Ya Korar Baƙo

'Yan'uwana matasa masu ɗakin haya da sababbin magidanta a Zariya, akwai wata kora da hali da ta shigo mana kwanan nan, har na ji wasu suna ba juna shawararta a majalisa kamar wata dabara. Baƙo ya zauna ya ƙi tafiya, mai gida ya kasa buɗe baki, sai ya bari dare ya yi ya lallaɓa ya canza lambar sirrin Wi-Fi, ko ya toshe wayar baƙon daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, yana jiran takaici ya sa mutum ya haɗa jakarsa. Ina roƙonku ku bar wannan hanya. Ba ta fitar da kowa, kuma abin da take ɓatawa ya fi datar da take tsimi tsada.

Na san matsin da ake ciki. Zariya gari ne da baƙo ba ya yankewa. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 duk wanda ya samu ɗaki a Samaru ko Kongo ya zama masaukin danginsa. Ga asibitin koyarwa a Shika, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin tuƙin jirgin sama, ga Daffo inda ake horar da kuratan soja. Yau ɗan baffanka ne ya zo tantancewar shiga jami'a, gobe abokin ƙanin matarka ne bai samu gado a hostel ba, "kafin a fitar da sunaye". Sati biyu ya zama zango guda. Shi kuma yana kwance da waya a ƙirji daga TikTok zuwa ƙwallon Ingila, datar da ka saya ta wata ba ta ganin tsakiyar wata. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin rami ba ne a aljihun mai albashi. Don haka ba na cewa fushinka ba shi da dalili.

Amma duba yadda abin yake ƙarewa. Ka juya rautar ka karanta adireshin da ke bayanta, 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, ka shiga, ka ga jerin wayoyin da ke haɗe, ka danna tasa ka toshe. Kai a ganinka ka gama. Wayoyin yanzu kuwa, daga Android 10 da iOS 14 zuwa sama, suna iya nuna wa rauta lambar shaida ta bogi maimakon tasu ta asali. Saiti ɗaya zai taɓa ya dawo a matsayin sabuwar waya. Idan lambar sirri ka canza, duk wayar Android ta zamani da ke haɗe a gidan tana iya fito da ita a hoton QR, ƙaramin yaro ma zai ba shi ba tare da ya san ana wani rikici ba. Idan kuma ya san kan abin, akwai ɗan rami a jikin rautar, ya sa tsinke ya danne na 'yan daƙiƙu ta koma yadda ta fito daga kamfani, lambar kuwa tana nan a rubuce a jikinta. Kuma yawancin baƙin namu ɗalibai ne, sun fi mai gidan sanin waɗannan abubuwa.

A ce ma toshewar ta kama. Zai danna *312# ya sayi datar kwana ɗaya, ya koma kan katifar da yake kwance. Abin da ya zaunar da shi wurin kwana ne da tuwon dare da kuma rashin wanda ya taɓa ce masa ga ranar tafiya. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da ke cikin rauta.

Wanda yake biyan kuɗin wannan dabara kuwa ba kai ba ne. Kai ka fice tun safe ka tafi shago a Sabon Gari ko ofis. Matarka aka bari da shi. Zai zo bakin ƙofar kicin ya yi sallama, ya ce, "Anti, intanet ɗin ya ɗauke ne? Tawa ta ƙi hawa." Ita kuma ga wayarta a kan firji tana ta ƙarar shigowar saƙon WhatsApp. Ko dai ta yi ƙarya ta ce ita ma tata ba ta yi, ko ta ce sai Yayanka ya dawo. Ko wanne ta faɗa, labarin da zai isa gida shi ne matar wane ba ta son dangin miji, ta hana yaro ko intanet. Kai ka yi aikin, ita za ta sha zagin a gidan suna shekara da shekaru. Wannan rashin adalci ne, kuma mu maza mun iya shi ƙwarai, mu ɓoye bayan mace a kan abin da muke jin nauyin faɗa.

Muna fakewa da kunya da kara, muna cewa ai baƙonka Annabinka, ba a korar baƙo. To addinin da ya ce a girmama baƙo shi ne kuma ya sa wa baƙunci iyaka. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma bai halatta ga baƙo ya zauna wurin mai gida har ya ƙuntata masa ba. A Suratun Nur, aya ta 28, an ce idan aka ce muku ku koma to ku koma, shi ya fi tsarki a gare ku. Wato an ba mai gida damar ya faɗa da bakinsa. Abin da ban ga inda aka ba shi dama ba shi ne ya riƙa yi wa mutum murmushi da rana yana yanke masa waya da dare, yana sa iyalinsa ƙarya.

Faɗar ba ta da wuya kamar yadda muke ɗauka, zuciya ce kawai take kai kawo kafin a fara. Bayan sallar isha'i ka kira shi waje, ku biyu, ba a gaban madam ko yara ba. Ka ce, "Ƙanina, ka ga yadda ɗakin yake, kuma ka ga hidima. Na ji daɗin zamanka, amma daga nan zuwa ƙarshen wata ina so ka samu wuri. Gobe mu je Hayin Dogo mu duba ɗaki, abin da zan iya sawa a ciki zan sa." Rana ita ce jigon maganar. In ka ce "ka fara neman wuri" ba ka ce komai ba. Idan kuma wani babba ne ya turo shi, to kafin ka yi magana da yaron ka kira wanda ya turo shi: "Kawu, ranka ya daɗe, yaro yana nan lafiya, sai dai wurin ya yi mana kaɗan, na ce in sanar da kai kafin in yi masa magana." Dattijo ya fi son ya ji daga bakinka da ya ji a bakin mata cewa an wulaƙanta ɗansa. Sau da yawa ma shi zai kira yaron ya ce ya dawo, ko ya nema masa wani wuri, kai kuɗin mota kawai za ka bayar ka raka shi Kwangila.

Wannan ba yana nufin ka sakar wa kowa intanet ɗinka ba. Kuɗinka ne, kuma layin da ke cikin rautar da lambar NIN ɗinka aka yi masa rajista, duk abin da aka aikata ta kansa sunanka za a fara gani. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi mai lambarsa daban, wasu har suna barin ka rage gudu ko ka ƙayyade adadin wayoyi. Ka buɗe shi tun ranar da mutum ya sauka, ka canza lambar shiga saitin daga "admin" da ta zo da ita, ka ce masa a fili, "Ga ta baƙi nan, ta karatu ce da saƙo, ba ta ɗaukar fim." Ba wanda zai ji haushin dokar da ya tarar. Wadda aka ƙirƙiro dominsa a wata na uku ita ce ke zama gaba.

Kai kuma da kake zaune a gidan wani, in ka wayi gari wayarka ta daina hawa alhali ta kowa tana yi, kada ka tsaya neman QR a wayar yara. An yi maka hannunka mai sanda. Ka je da kanka ka ce, "Yaya, na gode da ɗawainiya, ranar kaza zan tashi in Allah ya so." Masu jinya a Shika ban sa su cikin wannan magana ba, su lalura ce ta zaunar da su, a yi haƙuri da su har Allah ya kawo sauƙi.

Akwai kuma wanda ka riƙa karɓar wani abu a hannunsa na haya ko kuɗin wuta. Wannan ya wuce baƙo zalla, yana iya cewa shi ma da haƙƙinsa a ɗakin, musamman ku ɗalibai da kuke haɗa kuɗi ba takarda. Kada ka fitar masa da kaya waje, kada ka canza kwaɗo yana makaranta, nan take kai mai gaskiya za ka koma mai laifi. Ku zauna gaban mai gidan hayar ko mai unguwa, a lissafa abin da ya biya da abin da ya rage, a mayar masa da nasa, a rubuta ranar tashi kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu.