Idan za a sabunta unguwa, a fara da gurbin mai shago

A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, katafiloli suka shiga Filin Idi na Ƙofar Mata a Kano suka kwantar da shagunan da aka gina a zamanin Ganduje. Hujjar gwamnati ita ce filin na jama'a ne, an yanka shi an sayar ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwa suka garzaya kotu, Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Musun da ya biyo baya duk na siyasa ne, wannan ya ce cin amana, wancan ya ce ramuwar gayya. Ba a tsaya an tambayi abin da ya sa ake rububin shago a jikin filin idi da makaranta da maƙabarta, har da badala ba.

Haɗamar masu rabon fili tana ciki, ba musu. Amma da ba masu saye, da ba a yanka ba. Mun saba fitar da fuloti bayan fuloti ba tare da gurbin 'yar kasuwar unguwa ba, inda aka ware kuwa sai mai uwa a gindin murhu ya mayar da shi gida. Buƙatar kuma tana nan, sai ta ɓullo ta katangar makaranta, ko maigida ya fasa zaurensa ya sa ƙofar ƙarfe.

Masu zanen taswira suna raina shagon unguwa ne domin ba a can suke cefane ba. Shi ne mai ƙulla sukari da man gyaɗa daidai kuɗin hannunka. Yana da littafin bashi, shafi guda na gidan malamin makaranta sai albashi ya shigo, wani na bazawarar da ke tuyar ƙosai sai ta tashi daga tuya. A gefensa ga mai niƙa, ga mai cajin waya, ga yaron POS a ƙarƙashin lema. Matar da ba ta fita kullum tana iya aiken ɗan shekara bakwai ya dawo kafin ruwa ya tafasa. Babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki ba ya ba da bashi, ba ya kuma sayar da rabin sabulu. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu zuwa Sabon Gari ko Singa kan cinye rangwamen da aka je nema.

Mun ga gwajin tsarin da ya manta da mai shago ta fuska biyu. Rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina a wa'adin Kwankwaso na biyu, sun yi kyau a ido, amma da yawansu sun shafe shekaru ba kowa a ciki. Tsada tana cikin dalilai, nisa da hada-hadar gari ma haka. A Kaduna kuma gwamnatin El-Rufai ta rushe Kasuwar Barci a 2020 don a sake gina ta, tsofaffin 'yan kasuwar da dama suka koka cewa kuɗin sababbin shaguna ya fi ƙarfinsu.

Ban ce a bar kowa ya dasa kwantena a kan magudanar ruwa ba. Duk wanda damina ta taɓa shigar masa ɗaki ya san illar hakan. Abin da nake nema daga hukumar tsara birane ta Kano, wato KNUPDA, da takwarorinta shi ne kada a amince da taswirar unguwa sai an ga filin ƙananan shaguna da famfo da makewayi da wurin zuba shara, a tazarar da tsohuwa za ta iya takawa, da takardar mallaka da sunan al'umma yadda gwamna mai zuwa ba zai iya sayarwa ba. Inda kuma rusau ya zama dole, a gina madadin tukuna, a rubuta sunayen masu sana'a a wurin kafin katafila ta iso, su fara zaɓa, su biya kaɗan-kaɗan.