Bakano da Farfesun Makankari

Bakano: Ɗan Zazzau, zo ka ga jari. Makankari ne masu rai cike da bokiti, daga kogin Challawa. An ce tace ruwa suke yi. In zuba su a tanki su tace, in ƙulla ruwan leda in sayar, su kuma in yi farfesu. Jari ɗaya, riba biyu.

Bazazzagi: Riba biyu, gadon asibiti ɗaya. Kai Bakano, dattin da suka tace ina ya tafi?

Bakano: Ina ruwana? Ya tafi dai.

Bazazzagi: Cikinsu ya tafi. Babba guda yakan zuƙi ruwa lita gommai a yini. Ƙarfen da ya narke a ruwa, dalma da kadmiyam da kuromiyam ɗin masana'antun jima, ta gaɓar numfashinsa yake shiga jiki. Wanda ya manne da laka kuwa tare da abinci yake haɗiye shi.

Bakano: Kuma bai mutu ba?

Bazazzagi: Yana da wani furotin da ke ɗaure ƙarfen, saura kuma ya cusa shi cikin ƙananan ƙwayoyin kalsiyam ya ajiye. Shi ya tsira. Mai farfesu ne bai tsira ba.

Bakano: To in jiƙa su a ruwa mai kyau kwana biyu, su amayar.

Bazazzagi: Yashi za su amayar, da kashi, da sinadaran da ke saurin narkewa a ruwa. Waɗannan cikin kwanaki suke fita. Irin maganin ƙwarin nan DDT da ke maƙalewa a kitse sai an yi makonni. Kadmiyam kuwa watanni, wani ma sai ya mutu da shi a jiki.

Bakano: Kamar bashin Zage-zagi ke nan, shiga da sauri, fita sai ta Allah.

Bazazzagi: Bakinka ya sari ɗanyen kashi.

Bakano: In tafasa su sosai, in zuba attaruhu?

Bazazzagi: Wuta ƙwayar cuta take kashewa. Dalma ba ta da rai balle ta mutu. Romon ma sai ya ɗauka.

Bakano: To ba su da wani amfani ke nan?

Bazazzagi: Suna da shi. A Warso, babban birnin Folan, guda takwas ake sa wa na'ura a ɓawo a gidan ruwa. In guba ta shigo sai su rufe baki, kwamfuta ta yi ƙara. Bayan wata uku a mayar da su kogi, a kawo wasu.

Bakano: Masu gadi ke nan! Nawa ake biyansu?

Bazazzagi: Ko sisi.

Bakano: Ba albashi, ba kuɗin sallama, ba goron sallah?

Bazazzagi: Babu.

Bakano: Riƙe min bokitin nan. Bari in je in sallami maigadin shagona.

Bazazzagi: Kai, ɓarawo ba guba ba ne!

Bakano: Ai maigadin ma in ya ga ɓarawo rufe baki yake yi.